Zaren Ya Matsa Gaba

Litinin, 3 ga Maris

Ƙanwata ta bar mini wani littafin soyayya. Wai, "Yaya, karanta ki ga yadda duniya ta koma." Labarin wani manaja ne da sakatariyarsa. Na ce ba zan buɗe ba. Na dai sa shi a ƙarƙashin yadin masu ɗinki, nesa da kantar da Alƙur'ani yake.

Laraba, 5 ga Maris

Na buɗe. Rubutun ƙanana ne, sai da na ari tabaran Malam, maigidana. Ya ce, "Karatu za a yi?" Na ce e. Ba ƙarya na yi ba, amma zuciyata ba ta kwanta da wannan e ɗin ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Yau ban taɓa shi ba, albarkacin ranar.

Asabar, 8 ga Maris

Abin haushi ya yi yawa. Namiji da mace su rufe ƙofar ofis su biyu, ba muharrami, ba kowa, wai aiki. Kuma shi ke biyanta albashi, ina za ta iya ce masa a'a? Marubuciyar ko a jikinta. Na yi istigfari na tsallake shafi biyu.

Amma akwai wani wuri. Yarinyar ta duƙufa kan aiki har wuyanta ya ƙage, shi kuma ya zo ya ajiye mata shayi a gefen hagu, don ya lura bahaguwa ce. Ya wuce abinsa. Nan na tsaya. Na sa jan zare a wurin na rufe.

Ni ma bahaguwa ce. Tun da auta ta tafi gidanta, gidan nan sai ƙarar keken ɗinkina da rediyon Malam. Ba faɗa muke ba, wallahi. Mutumin kirki ne. Kawai dai sai ya wuce ta bayana kamar ya wuce kujera.

Talata, 11 ga Maris

Zaren ya matsa gaba. Na tabbata a wurin shayin na bar shi, yau na same shi can kusa da ƙarshe. Mu biyu ne a gidan nan, tabarau kuma ɗaya.

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Da rana yana cin abinci sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Wannan manajan, ai korarsa ya kamata a yi." Na ce, "Haka ne, Malam." Shi ke nan hirar.

Alhamis, 13 ga Maris

Ina kan keke da hantsi, ina haɗa hannun riga, sai na ji an ajiye kofin shayi. A gefen dama. Malam ya tsaya jim, ya ɗauke, ya zagayo ya mayar hagu. Har ya ɗiga a yadin mutane. Sukari kuwa kamar da ludayi aka zuba.

Na shanye tas.

Ƙanwata ta aiko a karɓar mata littafinta. Na ce ba mu gama ba. Sai da na faɗa na ji abin da na ce: mu.