Na Kori Hedimasta Daga Coci da Bakina

Goggo, don Allah ki agaje ni da shawara, na je yin alheri na ɓata rawata da tsalle. Tun farko ki sani ba ni ke rubuta wasiƙar nan ba, ban yi makaranta ba. Ina faɗa ne matata tana rubutawa, kuma da yake ita ma tana da baki a maganar, in kin ga wani wuri ya yi zafi, to ba daga wurina ba ne.

Ni mai gyaran takalma ne. Shekara ashirin da biyu ke nan ina zaune a ƙarƙashin matakalar wani bene kusa da tashar mota, ni da akwatina da basilla da gwangwanin gam. Sana'ar tana ciyar da mu, amma ba ta wuce bakin tukunya. Abin da ya daɗe yana cin raina shi ne lokacin baiko a coci. Jakar baiko ta zo gabana, ni kuwa aljihu wayam. Goggo, zan faɗa miki abin da ko fasto bai sani ba: sau da yawa nakan dunƙule hannu in tura cikin jakar, in buɗe shi a ciki, in zaro. Iska kawai nake zuba wa Allah. In na koma gida abinci ma ba ya mini daɗi.

Mu a bencin baya muke zama. Wata Lahadi a bara an durƙusa ana addu'a, sai na buɗe ido. Me zan gani? Ƙasan takalman jama'a reras a gabana, tun daga benci na biyu har zuwa nawa. Daga sama kowa tsaf, daga ƙasa kuwa wani dunduniya ta cinye gefe guda, wani ya buɗe baki, wata ta ɗaure nata da waya. Na ce Ubangiji, ashe ina da abin ba ka, shekara da shekaru ina zaune a kansa. Nan take na yi alkawari: yammacin kowace Litinin nasa ne, zare da gam da ƙusa duk daga akwatina.

Da haka na fara. In an tashi sai in raɓi mutum in yi masa raɗa ya kawo takalminsa. Goggo, ban taɓa sanin daɗi irin wannan ba. Akwai wata gwauruwa mai 'ya'ya huɗu da na ɗinke musu takalman makaranta duka, ta sa mini albarka har sai da na ji kunya. Akwai mai kaɗa mana ganga da yake ɗingishi, kowa na cewa ciwon ƙafa ne, ashe ƙusa ce ta ɓullo masa ta ciki. Yanzu in ya shigo coci yana taku ɗai-ɗai sai in ji kamar ni ne na warke. Ina ɗinki ina waƙa, har mai shayin da ke kusa da ni ya tambaye ni ko gado na ci. Jakar baiko kuwa in ta zo ba ni da komai, sai in miƙa ta gaba hankalina kwance.

To ga inda ta ɓaci. Muna da wani dattijo, tsohon hedimasta, shi ke karanta mana nassi tun kafin in yi aure. Rabin manyan cocin ɗalibansa ne. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun yi nisa, cocin nan ita ce fitarsa. Kullum takalminsa baƙi yana sheƙi kamar madubi. Ranar da ya durƙusa daidai saitina na ga rami a ƙasan na dama, babban yatsana zai shige, kuma ya toshe shi da kwali daga ciki. Ga damina ta kama. Na kasa addu'a sam, ina ta auna robar da zan yanka masa.

Ana tashi na cim masa a bakin ƙofa. Murna ta ɗebe ni, na manta da raɗa. A gaban tsofaffin ɗalibansa da surukinsa da ya zo baƙunta, na ce masa Baba, takalminka ya huje har kwalin yana leƙowa, ka ba ni in gyara kyauta. Ya dube ni, ya yi godiya a hankali, ya gyara wuyan rigarsa ya tafi. Yau Lahadi uku ke nan kujerarsa babu kowa, wani ne ke karatun.

Matata ta ce duk abin ya samo asali ne daga buɗe ido a lokacin addu'a, wai mutane suna magana da Allah ni ina leƙen asirinsu ta ƙasa. (Ni matarsa ce: haka na ce, kuma ban janye ba.) Ta ce in bar wannan baiko haka nan tun ban kori sauran ba. Ni kuwa in na bari, me zan koma ba Allah? Iska? Amma in baikona ne zai raba dattijo da gidan Ubangiji, ina amfaninsa? Na riga na yanka robar daidai ƙafarsa, tana nan cikin akwati, kullum sai na ɗauko na duba. Goggo, yaya zan yi?

Naki,
Mai Basilla na Bencin Baya

*

Ɗana Mai Basilla,

Na yi dariya da na karanta wasiƙarka, na kuma share hawaye, sannan na juya takalmina na duba. Ba zan faɗa maka abin da na gani ba.

Bari in fara da abin da ya fi muhimmanci: kada ka bar baikon nan. Abin da ka sa a hannun Allah ranar Litinin ya fito ne daga guminka, kuma ka ba da shi da farin ciki. Gwauruwar nan da mai ganga shaidunka ne. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Amma matarka ma tana da gaskiya, ka gaishe ta, alƙalaminta yana da kaifi. Mutumin da ya toshe rami da kwali, sannan ya zauna ya goge saman takalmin har ya yi sheƙi, ba takalmi kaɗai yake tattali ba, mutuncinsa yake rufewa. Kai ka ga ramin, ba ka ga guminsa na ɓoye ramin ba. Kyautar da ta tona asirin mai karɓa takan yi masa nauyi fiye da rashin da yake ciki. Saboda haka daga yau ka rufe ido a addu'a. Ka roƙi fasto ya sanar, ba tare da ambaton kowa ba, cewa akwai kwali a ɗakin ajiya, mai takalmin gyara ya ƙulle shi a leda ya ajiye, ya ɗauka Lahadi mai zuwa. Aiki zai ishe ka har ka nemi mai taya ka.

Shi kuwa Baba Hedimasta, kada ka bari ta kai Lahadi ta huɗu. Ka je gidansa da rana a tsakiyar mako, kai kaɗai, ka bar akwatinka da robar nan a wurin aiki. Ka durƙusa ka ce bakinka ya yi masa laifi, ya yafe. Kada ka tsawaita, kada ka sake ambaton takalmi. Ka gaya masa gaskiya cewa karatu a coci bai yi daɗi ba tun da ya daina zuwa.

Sannan ka roƙe shi abu guda. Kai da bakinka ka ce ba ka iya rubutu ba, ga mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana koyarwa zaune shi kaɗai a gida. Ka ce ya koya maka. Ba dabara nake ba ka ba, buƙata ce ta gaske da kake da ita. Ka san daɗin da ka ji ranar da ka gane kana da abin bayarwa, to shi ma ka ba shi wannan damar. Mai bayarwa ma sai ya koyi miƙa hannu ya karɓa. Wataƙila ya yi maka sanyi-sanyi a zuwan farko, ka koma na biyu. Ranar da ka zama ɗalibinsa, in ka ɗauki takalmin malaminka ka gyara, babu mai kiran wannan sadaka, ladabi ne. Robar nan za ta jira, ba ta ruɓewa.

Allah ya karɓi baikonka, ya sa albarka a basillarka, ya mayar da dattijon nan kujerarsa. Ranar da ya dawo ka rubuto mini, amma da hannunka, ko da layin ya karkace. Matarka ta huta.

Taka,
Goggo