Sahal da Uƙuba

Kaset na farko. Daga Zulaiha, unguwar Bani Harisa, Madina, zuwa ga mijinta Walid, malamin makaranta a wani ƙauye kusa da Sabya, can kudu. Lokacin sanyi, 1994.

Bismillahi. Ya kama? Jan abin ya kunna, to ya kama.

Assalamu alaikum, Ustaz. Ina gajiya, ina aiki, ya yaran makaranta? Ummanka tana gaishe ka, yayanka Tahir ma yana gaishe ka. Ni ce. Na shigo ɗaki na rufo ƙofa, don wayar falon nan ba a maganar kirki da ita, kowa ya baza kunne.

Na so in yi fushi, amma gajiya ta hana ni. Kaset ɗina na baya shiru ka yi min. Kullum ina sauraron ƙarar motar Sabo, in ce yau zai kawo min muryarka, shiru. Sai ga wani wai shi Maikuɗi ya zo ya ce shi zai karɓi saƙo. Ina Sabon? Ko kun saɓa ne?

An sallamo mu daga asibiti. Yaron ya ji sauƙi, amma ƙirjin yana nan. Idan ya yi barci sai ka ji kamar ɗan kyanwa ne yake kuka a cikinsa. Ni ba na barci, Ustaz. Hannuna a kan bayansa yake kwana, in ya ɗaga in ce alhamdu lillahi, in ya sauka in jira. Likitan ɗan ƙasarmu ne, Dokta Ashafa, da Hausa ya yi min bayani, har na ji kamar ina Ringim. Ya ce sanyin Madina ne yake tayar masa. Da na ce masa za ka zo hutu ka tafi da mu, sai ya ce madalla, can ƙasa ce mai ɗumi. Amma ya ɗaga min yatsa ya ce, a hanya kada sanyi ya buge shi, kada kuma a hau da shi saman duwatsu, iskar can ba ta isar ƙirji irin nasa.

To ga abin da ya sa na kunna rediyon nan. Jiya Yaya Tahir yana wanke motar da ka saya a hannunsa, Umma tana tsaye, suna Larabci. Larabcina na cefane ne, na sani, amma wannan na gane shi. Ya ce hanya biyu ce zuwa wajenku. Ɗaya sunanta sahal, ɗaya sunanta uƙuba. Ya ce kai ka aiko cewa ta uƙuba za mu bi.

Ustaz, sahal dai sauƙi ne. Mai kantin bakin layi kullum in na kasa lissafin canji cewa yake sahal, sahal. Uƙuba kuwa ko a garinmu mun san ta, ba sai an fassara min ba. Wane mai hankali ne za a ajiye masa sauƙi da uƙuba ya miƙa hannu ya ɗauki uƙuba, da jariri a cinya? Na tambayi Umma, ta kawar da kai ta ce in tambayi mijina. Na tambayi Yaya ko abin ɗumin motar yana aiki, ya yi dariya ya ce tun da ya saye ta bai taɓa kunna shi ba.

To na tambayi mijina. Ga shi can ya farka, ka ji tarin? Bari in je. Allah ya tsare, Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Kaset na biyu. Daga Walid, a bayan kaset ɗin nata.

Wa alaikumus salam wa rahamatullah, ya Ummu Usama. Kaif halik? Ki gaida Umma, ki sumbaci kanta a madadina. Ki yi haƙuri da Hausata, kin san sai na yi ta lalube.

Wallahi kin ba ni dariya, ni kaɗai a ɗaki, kuma na daɗe ban yi ba. Ya bintil halal, ba sahal ba ne, sahil ne. Ya'ani bakin teku. Ki bi Jidda, ki bi Lis, ki bi Ƙunfuza, teku a damanki har ki iso. Ɗayar kuma ba uƙuba ba ce, aƙaba ce. Gangaren dutse ke nan. A hau Ɗa'if, a bi Baha, a bi Abha, daga nan a gangaro mana. Shi ke nan. Babu wanda ya sa wa titi suna azaba.

Kuma ke har yanzu Ustaz, Ustaz, kamar ɗalibata. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ɗanki ma, yaron, yaron. Sunansa Usama, ni na raɗa masa, ba haram ba ne. Matan nan Madina sunan mazansu suke kira daga bene. Amma ɗayyib, kunyar Ringim ce, na sallama.

Maganar hanya kuma, ta dutse za mu bi. Na ji abin da duktur ya ce. Za mu sayi barguna, za a duba abin ɗumin, za mu rufe gilashi, mu kwana a Baha a ɗaki mai daffaya, ya'ani na'urar ɗumama ɗaki. Da rana kawai zan yi tuƙi saboda hazo. Mutane suna bi da yaransu kullum. Motar dole ta zo nan, kin sani, ƙauyen nan in Usama ya tashi da ciwo babu mai kai mu mustashfa, ya'ani asibiti.

Sahil babu. Kada ki sake tambayata. Halas.

Saƙo ki riƙa ba Maikuɗi. Sabo ba ya zuwa yanzu.

Ki ci abinci, ki yi barci ko kaɗan ne. Fi amanillah.

Kaset na uku. Daga Zulaiha.

Assalamu alaikum, Ustaz. Ina gajiya. Ka ji muryata ta dishe, ba mura ba ce.

Ranar Asabar Yaya Tahir ya kai mu masallacin Ƙuba salla. Da muka fito na ce tunda ga unguwar Ranuna nan kusa, a biya da ni in gaida Nadiya matar Sabo, rabona da ita tun kafin asibiti. Umma ta ce rana ta yi. Na ce minti kaɗan. Yaya ya kalli Umma, Umma ta kalli titi. Ni dai na nace.

Na same ta a zaune a ƙasa, ba kwalli, ba ɗan kunne. Takaba take yi, Ustaz. Ni kuma na shiga da dariyata ina cewa ina mijinki ya ɓoye min saƙona.

Kowa ya sani sai ni. Wai kada hankalina ya tashi nono ya ɗauke. Ita ce ta rarrashe ni, ka ji abin kunya. Ta ce a wani wadi ne, busasshen kwari da titin sahil ya ratsa, bayan Ƙunfuza. Ta ce ko ɗigo bai sauka a kansa ba, rana tas, a can kan duwatsu aka yi ruwan, ya gangaro ya same shi a tsakiya. Ta ce amsar kaset ɗina tana cikin motar. Ashe ka amsa. Ina nan ina ƙullatarka, ka yafe min. Ta ce kai ne ka bar makaranta ka bi mutanen ƙauye kuna nemansa a cikin laka har kuka same shi.

Allah ya jiƙan Sabo. Dabino yake kai muku, ya dawo mana da gero, bai taɓa karɓar ko sisi a kan kaset ba. Cewa yake shi ne gidan wayar marasa karatu.

Yanzu na gane. Ba sahal ba ce. Na daina yi maka gardamar suna.

Amma ka saurare ni, don Allah, kada ka kashe rediyon. Na kwana biyu ina juya abin nan har kaina ya yi nauyi. Ni ban san hanya ba, ban taɓa wuce Makka ba. Abin da na sani ƙirjin yaron nan. Shekaranjiya taga kawai aka bari a buɗe, leɓensa ya canza launi, na ɗauke shi ina zagaya ɗaki ina kiran sunayen Allah. Taga, Ustaz. Balle saman dutse, cikin hazo, a inda ban san ƙofar asibiti ba, ban san yadda zan ce ƙirji da Larabcinsu ba. Sanyin dutsen nan yana can zaune yana jiranmu, ko an yi hadari ko ba a yi ba. Ruwan kuwa sai in ya zo.

Nadiya ta ce direbobi a Lis suke tsayawa. Su sha shayi, su tambayi waɗanda suka fito daga kudu, su dubi saman duwatsu. In ya yi baƙi su kwana. Ta ce shi ma haka yake yi kullum, ran nan ne kawai ya yi sauri don ta ce masa ba ta jin daɗi. Mu ba mu da saurin komai. In baƙi ne mu kwana. In washegari ma baƙi ne mu sake kwana. Zan soya mana nama, zan dama fura, ko mako ne mu yi a Lis.

In kuma ba za ka iya ba, ba zan ga laifinka ba, wallahi. Ka zo ka ɗauki motarka ka bi dutsenka, ka bar mu sai zafi ya shigo. Amma ba zan hau da shi can ba. Ban taɓa ce maka a'a ba, yau na ce. Kuma ba na son a bar mu. Na gaji da kwana ni kaɗai ina sauraron numfashi. Ya yi haƙora biyu ba ka gani ba. Jiya ya kama ƙafar Yaya Tahir yana ce masa bab-ba.

Zaren ya kusa ƙarewa. Ka yi istihara, ni ma zan yi. Allah ya zaɓa mana. Wassalam.

Kaset na huɗu. Daga Walid.

Wa alaikumus salam, Zulaiha.

Sabo, ni na wanke shi. Laka har cikin kunnensa. Tun daga ranar ban sake bin wajen ba, ko a bas, sai in zagaya ta Abha. In na rufe ido ina ganin wurin. Babu komai a wurin, wallahi, yashi ne da ƙaya, titi ya ɗan sauka ya hau. Ban sani ba ko ƙafata za ta yarda ta taka.

Na ji tarin a kaset ɗinki na farko. Na mayar baya na sake ji.

Ki haɗa kaya. Ki soya naman da yawa. Sahil.

Fi amanillah.

Kaset na biyar. Daga Zulaiha, ƙauyen kudu, zuwa ga surukarta a Madina.

Assalamu alaikum, Umma. Ina wuni, ya sanyi, ya ƙafar? Mun iso lafiya, mu uku.

Mun kwana biyu a Lis, duwatsu sun yi baƙi. Da gari ya washe muka wuce. Da muka zo wajen, ba sai an gaya min ba. Ya taka birki a bakin gangaren, ya riƙe sitiyari, ya ƙura wa yashi ido. Babu ruwa ko na alwala. Motoci suna ta yi mana ham suna wucewa. Na ce mu yi wa Sabo addu'a, muka yi. Bai motsa ba. Na ce Ustaz. Bai juyo ba. Na ce Ustaz, rana tana yi. Gumi kawai yake, kamar ba ya cikin motar.

Umma, ki rufe kunnenki. Sunansa na kira. Gatsal, kamar matan bene. Na ce masa kuma Usama yana barci, ka ji numfashinsa, ka tuƙa mu. Duka biyun a baki ɗaya, ko a Ringim aka ji sai an yi min waƙa.

Ya juyo ya kalle ni kamar bai san ni ba. Ya ce, me kika ce? Na ce ba zan maimaita ba. Ya ce sai na maimaita. Na ce in mun haye. Sai ya sa giya.

Da muka haye na ce masa na manta.

Yaron ya yi kwana uku bai yi tari ba. Zufa yake, na cire masa hular. Jiya ni ma na yi barci har rana ta fito, hannuna a kan cinyata.

Ki aika wa Nadiya geron da ke cikin buhun nan, na Sabya ne, irin wanda ya saba kawowa. Ki gaida Yaya Tahir, ki ce masa har yanzu ba a kunna abin ɗumin ba. Allah ya ƙara girma, Umma. Wassalam.