Danna Biyu

Litinin, 3 ga Maris

Makirfon oba-obata ya lalace, magana sama-sama kawai nake ji. Wanda nake maƙalawa a kafaɗa tun ina da mota ɗaya da rabin filin kayan ginin nan. Wayarsa duk salatif. Manaja (babbar 'yata da ke riƙe da ofis, ni na laƙaba mata sunan) ta ce, "Baba, anya makirfon ne?" Na ce to mene ne? Ta koma kan takardunta.

Laraba, 5 ga Maris

Na je shago. Mai shagon ya baje min kala-kala: mai jure ruwa, mai rage hayaniya, mai ramin sa abin kunne. Na ce wanda ya fi ƙara nake so. Ya kunna wani, har matar da ke gefena ta toshe kunne. Ni ban ji wani abin kirki ba. Kayan yanzu duk na bogi ne. Ban saya ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Yau na tuna farkonmu da Dogo, direban injin ɗaga kaya. Shi yana sama, ni ina ƙasa ina fama da igiya, ba halin dogon zance. Muka shirya: in ya yi magana, na danna maɓalli sau biyu, ƙas-ƙas, wato na ji. Yanzu duk ma'aikatan filin haka suke yi, sababbin ba su ma san inda aka samo ba. Daga ni ne. Ban ga ƙofar jami'a ba, amma ga shi.

Marigayiya matata ce ta ɗinka min maɗauki a kafaɗar rigunana don makirfon. In ta yi min magana na yi banza da ita, sai ta ƙwanƙwasa tebur sau biyu: "Ka ji, ko sai na sayo tawa oba-obar?" Allah ya ji ƙanta.

Asabar, 8 ga Maris

Dogo na sauke damin rodi. Na ji muryarsa a kafaɗata, na danna biyu kamar kullum. Ashe cewa ya yi, "Maigida matsa, a bayanka zan sauke." Ya yarda da ni, ya saki. Rodin ya dira har ya share min dugadugan takalmi.

Ya sauko ya nufo ni. "Ka danna biyu, Maigida! Wallahi ka danna!"

Na ce makirfon ne.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban fita ba.

Litinin, 10 ga Maris

Manaja ta ce ko a duba kunnena, ko in daina shiga fili. Ni! Filin da na share da hannuna. Dogo ma wai ba zai hau inji ba muddin ina ƙasa. "Gara ka kore ni da in ɗauki gawarka." Tun muna samari bai taɓa ƙin umarnina ba.

In ban shiga fili ba, me zan yi? In zauna ina kallon fanka?

Alhamis, 13 ga Maris

Na koma shago. Na ɗauki mai ramin abin kunnen, don maƙalinsa ya fi ƙarfi kawai. Ya zauna daidai a maɗaukin rigar. Tsohon yana aljihun tebur, ba wanda zai taɓa shi.

Da la'asar na shiga fili. Dogo ya gan ni da abu a kunne, ya daɗe yana kallona, sannan ya hau. Can ya yi magana, inji na ruri. Yatsana ya kai kan maɓalli. Na danna sau ɗaya, na riƙe, na ce, "Dogo, maimaita."

Sai dariyar nan tasa ta da, tar a kunnena. Rabon da in ji ta haka na manta. Wai cewa ya yi hulata ta karkace. Ɗan banza.

A ofis Manaja ta ce ta karɓo min ganin likita ranar Talata. Na dai ƙwanƙwasa tebur sau biyu.

Wannan kam na ji.