Tulun Irin Baba a Dutsen Rema

Tsamiyar Kura, ta Minjibir,
12 ga Mayu, 1985.

Zuwa ga Yaya Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ƙani ga wansa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya a Agege kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri, amin. Mu nan da sauran numfashi, alhamdu lillahi. Inna tana cikin takaba, tarin ya ɗan lafa. Asama'u da yara sun rame kamar kowa, don har yanzu sau ɗaya ake ɗora tukunya, ita ma rabi ganye ne. An yi sadakar arba'in ɗin Baba da ɗan abin da ya samu. Na san hanya da nisa, amma ba zan ɓoye maka ba, ranar na ji haushin rashin zuwanka.

Ka tuna tulun da Baba yake ajiyewa a kogon Dutsen Rema, zaɓaɓɓen gero gauraye da toka, bakinsa liƙe da laka, wanda komai yunwa ba a taɓawa sai ranar shuka. Duk shekara yakan hau da mu a sauko da shi, kai kana tsayawa a rabin hanya kana haki kamar tsohon jaki, shi yana yi maka dariya. A takardata ta baya na ce ka kwantar da hankalinka, ko rumbu ya zama wayam iri yana nan. Haka na gaya wa Inna ma, kuma a kan maganar nan muka share gona muka kai ɗan takin da ya rage.

Ranar Asabar da sassafe na kama hanyar dutsen ni kaɗai. Maƙwabcinmu Ɗan Iya ya so ya raka ni, na ƙi, don ina so in taka inda Baba ya taka ba mai cika ni da surutu. Yaya, hawan da nake yi a guje muna yara, bana sai da na zauna sau huɗu, idona yana ganin duhu. Ko rema ɗaya ban gani ba, sabarar gefen hanya duk ta bushe ƙayau. A gindin tsamiyar da Baba yakan huta na tsaya na yi masa Ƙulhuwallahu, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Da na kai sama na duba ƙasa, gonaki ja wur har iyakar gani. Na fara kiran kowace gona da sunan mai ita kamar yadda yake yi, sai na ga matattu nake kira da waɗanda suka tafi ci-rani ba su dawo ba, na juya na nufi kogon.

Tulun yana inda yake, bakinsa a liƙe, ga shatin hannun Baba a jikin laka, yatsu huɗu, ban da wanda lauje ya cire masa. Na yi bisimilla na sunkuya da ƙarfina zan ɗaga, sai ya taso mini sakayau har na kusa faɗuwa da baya. Na fasa lakar na zura hannu har kafaɗa. Toka ce kawai, sai wani ɗan ƙulli a yankin tsohuwar rigarsa, geron ciki bai fi cikin tafi biyu ba.

A nan zaune na gane komai. Cikin watannin da yunwa ta fi tsanani, sau uku Baba yana fita da asuba ya dawo da yamma da ɗan buhu a kafaɗa, ya ce wani tsohon abokinsa na Minjibir ne ya taimaka. In aka kai masa kunu sai ya ce ya ci a can, a ba yara. Inna ta taɓa mitar geron toka-toka yake yi komai wanki, ya ce mai kyauta ba a yi masa tsegumi. Ashe tsohon nan, da kumburarrun ƙafafu, shi kaɗai yake hawa dutsen da ni mai jini a jika na zauna sau huɗu. Ni kuwa ina sha ina lashe ludayi, ko sau ɗaya ban tambayi sunan abokin ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Wani lokaci in ji haushinsa da ya karya dokar da ya kafa da bakinsa, sai in dubi yarana uku suna raye, kunya ta rufe ni.

Yanzu ga inda muke. Abin da ya bari ba zai shuka kunya uku ba, maƙwabta kuwa kowa ya cinye nasa tuni. Surukinka Alhaji Muhammadu Sani mai hatsi a Dawanau shi kaɗai na sani da zai iya ba mu iri, amma ni bai san fuskata ba, kai zai ji. Don Allah ka rubuta masa ranar da ka karanta wannan, kada ka yi mini nawar nan taka. Shamuwa ta iso, tun shekaranjiya hadari yake haɗuwa a gabas. Gari duk ana roƙon ruwa, ni kaɗai a sahu nake roƙon ya jinkirta, Allah ya gafarta mini.

Inna ban gaya mata ba. Na ce na bar tulun a kogo ne saboda ɓeraye, kullum da safe sai ta dubi fuskata ta tambaya yaushe zan sauko da shi. Kai ne babba, ka faɗa mini in gaya mata ko in ci gaba da ƙarya.

Ka gaida Yaya Bilki, da Lawan, da Fanta, da Malam Sule mai masaukinku. Asama'u tana gaishe ku. Inna ma tana gaishe ka, ta ce ka daure ka zo da kaka, za ta dama maka fura da sabon geron Baba.

Ƙaninka,
Uwaisu Dabo