Sitika Ukun Da Ta Bari

Juma'a, 26 ga Afrilu, 2024

Injin sitika ne ya faɗa mini, ba mutum ba.

Muna zaune a rumfar tsinta, ni da Sa'adatu da sauran mata, muna fitar da tsakuwa daga irin waken suya. Injin yana kan teburinsa a bakin sito, inda ake buga takardun da muke manna wa buhunan iri. Ba shi da igiya, da wayar hannu ake ba shi umarni, kuma wayar ɗiyata ya sani. Da zarar ta shigo ƙofar kamfani, tun ba a gan ta ba, sai ya yi ɗan kuka, fitilarsa ta koma shuɗiya. Da haka nake sanin ta iso.

Ranar Alhamis ta makon jiya ta bi motar kai iri Tsafe. Bayan la'asar injin ya yi kukansa. Na ɗaga kai, har na shirya faɗan da zan yi mata don ta fita ba ta karya ba. Sai ga Dogo, direban ɗaya motar, shi kaɗai, hularsa a hannu ɗaya, wayarta a ɗayan, gilashin ya tsage. Bai dube ni ba, ya wuce ofishin Madam Rebecca.

Na ci gaba da tsintar wake. Sa'adatu ce ta ɓamɓare farantin daga hannuna.

Taya ce ta fashe, wajen Kucheri. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya aka yi sadakar bakwai.

Litinin, 6 ga Mayu

Na koma aiki. Zaman gida ya fi wuya.

Madam ta kira ni ofis. Ta rungume ni tana kuka, ni nake ba ta haƙuri. Sannan ta buɗe durowa ta miƙo mini sitika uku a jere, ba a ɓare su ba. Ragowar waɗanda ɗiyata ta buga ne da safen nan kafin ta shiga mota. Sunan iri, nauyi, kwanan wata, a ƙasa kuma: wadda ta duba, sai sunanta.

Ban taɓa faɗin sunan nan ba. 'Yar fari ce. Ta-Inna nake ce mata, saboda uwar maigidana Malam ce ta goye ta. Idan an kira sunan a gabana sai in yi kamar ban ji ba, haka aka tashe mu. Amma a wurin aiki kullum ina manna shi a jikin buhu, in shafa da tafin hannu don ya kama. Takan tsaya a kaina ta ce, "Umma, karanta mini ƙasan nan mana, idona ba ya gani." In ce, "Wuce, marar kunya." Matan su yi ta dariya.

Da ma na karanta mata ko sau ɗaya.

Laraba, 8 ga Mayu

An kawo wani yaro daga ofis, Caleb, shi ke riƙe da injin yanzu. Sunansa ke fitowa a ƙasa. Yana da ladabi. Ban iya amsa gaisuwarsa da kyau ba.

Na manna guda ɗaya a bangon ɗakina, gefen taga, inda zan gani daga kan sallaya.

Asabar, 18 ga Mayu

Zafi kamar a gasa mutum. Ba wuta tun shekaranjiya.

Na bango yana dushewa. Da na zaci idona ne, na wanke fuska na sake dubawa. Na ɗauko sauran biyun na gwada a gefensa. Su baƙi wuluk, shi ya koma ruwan toka.

Malam ya ce, "Hauwa'u, takarda ce fa. Addu'a take buƙata." Na san haka. Ina yi mata. Shi ma ai na ga bai bari an taɓa takalminta da ke zaure ba.

Talata, 21 ga Mayu

Abin da na yi yau.

Na tuna yadda ta kai takardarta ta gama makaranta aka sa mata leda mai tauri, har yau kamar sabuwa. Sai na ɗauki guda ɗaya na je shagon Lukuman mai hoto-kwafi a Tudun Wada. Na ce ya yi mini laminetin. Ya ce, "Baba, wannan 'yar abar? Ko ta gado ce?" Na ce ta gado ce. Ya daina dariya.

Ya sa ta a leda, ya tura cikin inji. Ina tsaye ina kallo ta fito ta ɗaya gefen baƙa ƙirin, daga sama har ƙasa, kamar gindin tukunya. Babu harafi ko ɗaya.

Ya juya ta, ya ɗaga ta sama wajen haske. "Wallahi Baba ban taɓa ganin haka ba." Ya ce in kawo wata ya rage zafi ya gwada. Na ce a'a. Da ɗuminta na karɓa, na sa a jaka. A cikin Keke Napep na riƙa taɓa ta har ta huce.

Da hannuna na kai.

Laraba, 22 ga Mayu

Na nuna wa Caleb. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Mama, da kin tambaye ni." Ya buɗe cikin injin ya nuna mini, babu tawada ko ɗigo. Ashe zafi ne ke yin rubutun, takardar ce aka yi ta haka, inda zafi ya taɓa sai ya yi baƙi. Shi ya sa injin Lukuman ya ƙone ta duka. Rana kuma cinye rubutun take yi a hankali.

Na ce to yaya za a yi kada ya tafi?

Ya ce in ɓoye a wuri mai duhu da sanyi. Na ce ina sanyi a Gusau a watan nan? Ya ce ko an ɓoye, jinkiri ne kawai. Don buhu aka yi ta, iri ya kai gona kafin damina, shi ke nan aikinta.

Ya ɗauki hoton ta ƙarshen da wayarsa. Na gode masa. Amma hoto ba ta taɓa shi ba.

Na naɗe ta a farin ƙyalle, na sa a gwangwanin madara, na tura ƙarƙashin gado kusa da randa.

Lahadi, 2 ga Yuni

Na ce wa Malam zan je Bungudu gaishe da ƙanwata. Na je ɗin. Amma sai da na fara tsayawa a shagon dillalin da muke kai wa iri.

Buhunan suna jere a waje, a rana. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Sitikun suna nan daram, ni na manna su, na san shafar hannuna. Fari fat, duka.

Mai shagon ya fito yana sakace. "Hajiya, mi kike biɗa? Masara ko wake?" Na ce takardar nake dubawa. Ya ce, "Mu iri munka saya, ba takarda ba. In ya tsiro ai ya yi magana." Da na gaya masa ko ni wace ce, sai ya cire tsinken daga baki. Ya ce yarinyar kirki, ta taɓa mayar da buhu biyu don ta ga ƙwari a ciki, ya yi ta faɗa ba ta kula shi ba. Ya shiga can ƙuryar shago ya duba ko akwai wanda rana ba ta gani ba. Wani manomi daga Nahuce ya kwashe su tun makon jiya.

Ya ba ni ruwa. Har bakin titi ya rako ni.

Talata, 4 ga Yuni

An yi ruwan farko mai ƙarfi. Ƙasa ta yi ƙamshi. Irin da ta duba yana shiga rami yanzu a wurare da ban sani ba.

Alhamis, 6 ga Yuni

Caleb ya same ni ni kaɗai a rumfa. Ya ce tsarin da ta yi yana nan a ajiye, bai goge ba. Zai iya buga mini da sunanta, da kwanan watan nan, ko guda nawa nake so. Idan sun dushe ya sake bugawa.

Na ce ya bari in yi tunani. Har na kai bakin ƙofa na dawo.

Na ce, "Ɗana, takardar cewa take yi ita ta duba. Me ta duba yau?"

Ya sunkuyar da kai. Na ga na ba shi kunya, alhali alheri ya nufa. Da rana na raba ɗanwakena biyu na aika masa rabi. Ya cinye, har ya aiko a tambaya ko akwai sauran yaji.

Litinin, 10 ga Yuni

Na buɗe gwangwani. Ta fara dushewa.

Asabar, 22 ga Yuni

Hidimar Sallah ta sa ban duba ba sai yau. Ko in ce ban duba ba dai.

Sunan iri ya tafi, nauyi ya tafi. Na ƙasan ya rage kamar sawun tururuwa. Na fito da ita tsakar gida inda haske yake, na ɗora a bayan faranti, na ɗauki biron nan da nake rubutu da shi. Na bi haruffan a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yadda malamar yaƙi da jahilci ta koya mana bin ɗigo. Harafin farko ya karkace.

Sumayya.

Ga shi na rubuta a nan ma. Ba abin da ya faru. Kaji suna ta kiwonsu.

Kwanan watan da ke samansa ban bi shi ba. Biro yana hannuna, na duba shi, na bar shi. Ya tafi abinsa.

Ban mayar da ita gwangwani ba, tana cikin littafin nan. Malam ya shigo ya gani, ya karanta a fili, ya fita da sauri wai zai duba akuya.

Da baki ne har yanzu ban faɗa ba.