Mijina, Jikan Mai Shimfiɗar Hakimi

Anti Adawiyya, don Allah ki taimake ni, ki kuma ɓoye sunana. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana a duk faɗin Daura, domin kowa ya san kowa, kuma magana ba ta kwana a inda aka ajiye ta.

Mijina, bari in kira shi Hafizu, dillalin shanu ne. In kika gan shi a kara, wurin cinikin shanu, ranar kasuwar Mashi, fuska a murtuke, murya kamar zai tsaga ƙasa, sai ki tausaya wa matarsa. Ni ce matar, kuma ba abin tausayi ba ce. Son juna ne ya haɗa mu, 'ya'yanmu har sun tasa.

Kakansa, marigayi Nagoggo, bara ne a gidan wani hakimi tun zamanin da. Shi ke shimfiɗa wa hakimi buzu, shi ke riƙe buta da tasa in zai wanke hannu. A hannun wannan tsoho Hafizu ya tashi, kuma ya koya masa duk ladabin shiga gaban manya. Tun daga zaure ake cire takalmi, ba a haɗa ido, ba a juya baya, kuma wanda ya durƙusa ba ya tashi sai an sallame shi. Da tsohon ya rasu, kowa ya ɗauki abin da ya ɗauka, Hafizu buzun nan da hakimi ya bar wa tsohon kaɗai ya nema.

Wata Juma'a da damina, bayan la'asar, yara sun tafi gidan mamata, na sa lalle a ƙafa ina zaune a kan kujera ban iya tashi. Na ce ya miƙo mini ruwa. Sai ya shiga ɗaki ya fito da buzun nan, ya shimfiɗa a ƙarƙashin ƙafata, ya durƙusa, ya ce, "Ranki ya daɗe." Na yi dariya har da hawaye. Shi bai yi ba. Na dubi fuskarsa na ga wata natsuwa da ban taɓa gani ba, kamar mutumin da ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Ruwa na sauka a kan kwano, turaren wuta na tashi a hankali, sai na ji dariyar ta tsaya mini.

Daga nan abin ya zama namu, duk Juma'ar da gida ya yi shiru. Wata rana ya roƙe ni in naɗa shi. Na naɗa masa gyalena a ka kamar rawani, ya sa hannuwansa cikin nawa ya yi mini alkawarin biyayya. Ni ke ba da umarni. In ya zubar da ruwa in yi masa faɗa, ya sunkuyar da kai har sai na yafe. Akwai lokacin da ya nemi in ɗaure masa hannu da ɗankwali, sako-sako, yadda zai iya zarewa in ya so. Sauran ba na jarida ba ne. In na ce, "Na sallame ka," sai ya miƙe ya koma maigida, har ya tambaye ni ina tuwo.

Ba zan ɓoye miki ba, Anti, ina son abin. Ni da nake wuni a kan keken ɗinki, bayana na ciwo, sai in tsinci kaina ina jin kamar ɗaya daga cikin sarauniyoyin da ake ba mu labari sun mulki garin nan. Har a tsakiyar mako nakan tsayar da keke in lumshe ido, in ji sanyin ruwan butarsa a yatsuna. Ban taɓa jin an gan ni kamar yadda yake ganina a lokacin nan ba, shi da ko ɗaga ido ba ya yi.

Kwanaki na ci karo da wani rubutu a waya, wai Turawa ma suna da irin wannan, har da suna, BDSM. Mai rubutun ya ce asalinsa daga baradensu ne na zamanin da, masu sulke. Wai yaro yakan tashi yana hidima a gidan sarki, in ya isa sai ya durƙusa a taɓa masa kafaɗa da takobi, wani har ya yi alkawarin yi wa wata mace mai daraja hidima. Na ce ikon Allah, ashe Nagoggo yana da 'yan'uwa a ƙetare. Amma da na ga hotunan bulala da sarƙa, sai na tsorata na kashe wayar.

To ga abin da ya faru. Gwaggo Yelwa, ƙanwar mahaifinsa, 'yar Nagoggo ta cikinsa, ta zo daga garin Babban Mutum ba sanarwa. Mun manta ba mu sa sakata ba, ana ruwa, ba mu ji sallamarta ba. Sai ganinta muka yi a bakin ƙofa. Ni dai na zabura na faɗa uwar ɗaka na ɓuya. Ta labule na hango shi yana nan durƙushe, gyalena a kansa, tasa a hannunsa. Gwaggo na salati, shi ko motsi bai yi ba, har sai da ta fizge gyalen da hannunta. Ta gane buzun. Ta yi kuka ta ce ubanta ya ƙare rayuwarsa a kan gwiwa don jikokinsa su tsaya da ƙafafunsu. Ta ce asiri na yi masa, kuma za ta tara dangi a kaina.

Tun ranar Hafizu ya naɗe buzun ya ɗora a kan sif. Yana cin abincina, yana amsa gaisuwata, amma kamar baƙo. Anti, zunubi muke yi? Ciwo ne ke damunmu? Me ya hana shi tashi ranar nan? Ban damu da dangi ba kamar yadda na damu da shirunsa. Ina kewar mijina, ga shi kuma kullum a gabana.

Taki,
Mai keken ɗinki, Daura.

Ƙanwata mai keken ɗinki,

Share hawayenki ki zauna mu yi magana. Ban ga ciwo a wasiƙarki ba. Na ga mutumin da yake wuni yana ɗaure fuska a kasuwa, ya samu wuri ɗaya a duniya da zai ajiye girmansa ya huta, na kuma ga mace da ta karɓi ajiyar.

Batun zunubi, ni ba malama ba ce, sai dai in faɗa miki iyakokin da kowa ya sani. Ba a yi wa kowa sujada sai Allah, don haka goshinsa kada ya taɓa ƙasa dominki. Kada a cutar da jiki, kada a yi abin da ɗayanku ba ya so, kuma duk wanda ya ce a tsaya, a tsaya nan take. Abin da ya rage miki shakka, ki tambayi malama mai riƙon amana, ba sai kin kama suna ba. Maganar baraden Turawa kuwa, na ji masu faɗin haka, na ji masu cewa kama ce kawai. Ko ma yaya ne, ba daga waya kuka ɗauko naku ba, kuma hotunan da suka tsorata ki ba dole ba ne a kanku.

Kada ki riƙe Gwaggo Yelwa a zuci. Ita ba wasa ta gani ba, ubanta ta gani. Ta tashi tana kallonsa a durƙushe gaban wani, ƙila ba da zaɓinsa ba, kuma irin wannan ciwon ba ya warkewa da wuri. Amma Hafizu shi ya zaɓi nasa, ya kuma zaɓi gaban wadda zai durƙusa. Shi ya kamata ya je Babban Mutum shi kaɗai, kafin a tara kowa, ya rarrashe ta, ya ce mata wasa yake da iyalinsa kuma hankalinsa ɗaya. Ba sai ya ƙara komai ba, sirrin ɗaki ba na dangi ba ne. In ke kika je, kin ƙara mata hujja. Sannan don Allah ku riƙa sa sakata.

Yanzu ga tambayarki ta ƙarshe, wadda ke da kanki kika rubuta amsarta a sama ba ki lura ba. Wanda ya durƙusa ba ya tashi sai an sallame shi. Ke kika naɗa shi, ya sa hannunsa cikin naki da gaske, sai kika ruga ɗaki ba ki ce komai ba. Ya tsaya a kan alkawarinsa a gaban gwaggonsa, cikin kunyar da ta fi kowace. Ban ga laifinki da kika tsorata ba, ko ni ce zan iya gudu. Amma ki sani, kujerar nan ba ta jin daɗi kaɗai ba ce. Wanda ake yi wa hidima shi ke kare mai yi masa hidima, ko a gidan hakimin da Nagoggo ya zauna haka ya kamata a yi. Ina jin ba kunyar Gwaggo ce ta rufe masa baki ba. Ya ɗaga ido ne ya ga kujera ba kowa.

Ranar Juma'a ki tura yara gidan mama, ki rufe ƙofa. Ki sauko da buzun da hannunki, ki shimfiɗa, ki zauna a ƙasa kusa da shi, ba a kan kujera ba. Ki ba shi haƙuri a matsayin matarsa. Ki gaya masa kin ga abin da ya yi, kin kuma san nauyinsa. Kada ki matsa masa a koma wasan, in ya so zai nema, in bai so ba kin dai samu mijinki. Amma kafin ya tashi, ki kama hannunsa ki faɗi kalmar da kika tafi da ita uwar ɗaka, domin ina zaton har yau a zuciyarsa yana nan durƙushe yana jiranta. Ki sallame shi.

Allah Ya sanyaya muku, Ya rufa asirin ɗakinku.

Taku,
Anti Adawiyya.