Ɗan Ragon da Odile Ta Wanke

Gundumar Mayo, 6 ga Afrilu

Fergal, maigidana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan jiki yana ƙara sauƙi. Yaya hannun, yaya ƙafar? Kana cin abincin asibitin kuwa, ko ture kwano kake yi kamar yadda ka saba yi mini? 'Yarmu Dervla ta ce bakin bai dawo ba har yanzu, amma ido yana karatu sarai, shi ya sa na ce bari in rubuto, in ta zo duba ka ran Lahadi ta miƙa maka. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, sai yau zan yi magana har in kai ƙarshe ba ka katse ni ba.

Tumaki sun fara haihuwa. Cikin saba'in ɗin, sha huɗu sun sauka lafiya, ruwa kuwa tun Talata bai ɗauke ba.

Mai aikin sa-kan da ka shirya zuwanta kafin ciwon nan ya kayar da kai ta iso. Ni na zaci ƙato zan gani, irin Bajamushen bara mai cinye tukunyar dankali shi kaɗai. Sai ga mace ta sauko daga bas, furfura fal kanta, da jaka a baya. Sunanta Odile, 'yar Beljiyam, nas ce da ta yi ritaya. Yanzu gona-gona take bi a ƙasashen mutane, ta yi aiki a ba ta abinci da makwanci. Ba ta da son jiki, wannan kam na shaide ta. Amma matar nan ba ta iya ganin abu ta wuce ba ta wanke shi ba. Bokitai, igiyoyi, har tsohuwar hularka da ko kare ba ya kusanta. Na ce mata, "Baiwar Allah, nan fa gona ce." Ta yi dariya ta ce, "To gonar an hana ta sabulu ne?"

'Yarka ta sake tayar da zancen nan. Wai ko ka dawo ba za ka ƙara hawa tudu ba, gara a sayar wa maƙwabcinmu Mattie garken da zarar an gama haihuwa. Na ce mata ranar da aka ɗauke ka na riƙe hannunka na yi alkawari, yadda ka bar tumakinka haka za ka dawo ka tarar da su. Ta ce, "Mama, shekararki sittin da takwas fa." Na ce na gode da tuni, da ma na manta.

Kada ka sa komai a ranka. Ka dai yi abin da likitoci suka ce, ko da sau ɗaya a rayuwarka.

Taka har kullum,
Nuala


Mayo, 12 ga Afrilu

Fergal,

Ina gaishe ka, ina yi maka ya jiki. An ce ka taka ƙafar har bakin taga, na ji daɗi ƙwarai. Ni kam lafiyata lau, sai dai raina a dagule yake, kuma gara ka ji daga wajena.

Ran Litinin tsohuwar tunkiyar nan mai yagaggen kunne ta haifi ɗa babu rai, ga nono ya cika mata taf. A ranar kuma wata ta haifi uku, ƙaramin cikinsu ba ya samun komai. Sai na yi yadda kake yi. Na feɗe mataccen, na zura wa ƙaramin fatar kamar riga, na kai wa tsohuwar don ta ji warin ɗanta ta karɓe shi. Ka san ni ban taɓa riƙe wuƙar ba, kullum ɗan ragon nake riƙe maka. Amma abin ya kama. Ran Talata da yamma ta tsaya ya sha har cikinsa ya tashi. Kwana ɗaya ko biyu suka rage nononta ya bi jikinsa, a cire fatar, shi ke nan ya zama nata.

Laraba da safe na hango hankaki suna kewaya filin sama, na tafi na tarar wata tunkiya ta faɗi rigingine ta kasa tashi. Kafin in tayar da ita in dawo, an yi awa biyu. Ina shiga rumfa na ga ɗan ragon a jikin bango, fari sol, ba fata, yana ƙamshin sabulun wankana. Tsohuwar tana gefe tana buga ƙafa. Ta yi ta tunkuyinsa ne har haƙarƙari ya karye. Kafin a yi abincin rana ya mutu a cinyata.

Odile ce. Ta ce ta ga fatar ta fara ruɓa, ta ji tsoron cuta ta kama shi ta cibiya, ta cire ta jefa a murhu, ta yi masa wanka da ruwan ɗumi, ta goge shi da tawul, ta mayar wa uwar.

Ta ce, "Wari yake yi, Nuala. Wari sosai."

Na ce, "Warin shi ne ransa! Wa ya aike ki? Kun ƙoshi a biranenku, kun rasa abin yi, sai ku ɗauko jaka ku zo yawon buɗe ido a kan wahalar mutane. Tattara naki ya naki."

Washegari ta bi bas ɗin safe. Ta bar zanen gado a ninke, ɗakin fes.

Yanzu da zuciya ta sauka, na san ba laifinta ba ne ita kaɗai. Tana tsaye sanda nake fiɗar, na ga fuskarta ta canza, ban ce mata komai ba. Kai ne mai zaunar da baƙi ka yi ta bayani har shayi ya huce. Ni iyakata riƙe nan, kawo can. Minti ɗaya ya isa in gaya mata dalili, ban yi ba, don tun ranar da ta zo haushinta nake ji saboda ita ba kai ba ce.

Saura talatin da ɗaya ba su haihu ba. Zan iya. Kada ka nuna wa Dervla wannan.

Matarka,
Nuala


Mayo, 21 ga Afrilu

Fergal nawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki? Ka yi haƙuri makon jiya ba ka ga takardata ba. Yatsuna sun tsattsage, alƙalami ma da ƙyar nake riƙewa.

Kwana goma ke nan ni kaɗai. Na rasa 'yan raguna biyar da tunkiya ɗaya. Mattie yana leƙowa in ya gama da nasa, amma shi ma gwiwa ta cinye shi. Na sa Dervla ta aika wa Odile saƙon ban haƙuri, an ce ta wuce wata gona a Sukotlan, har yau ba amsa. Ban ga laifinta ba.

Akwai abin da na ɓoye maka. Ranar da za ta tafi na raka ta bakin titi, ba don kirki ba, don in rufe ƙofar gona. Bas na tahowa ta juyo ta ce, "Na yi kuskure, kuma zai daɗe a raina. Amma shekara talatin na yi ina kallon matan da mazansu ke kwance. Sau da yawa matan ake fara binnewa. Ki kula da kanki." Na ce ta riƙe wa'azinta. Tun ranar maganar take cina.

Jiya da hantsi wata tunkiya 'yar shekara biyu tana naƙuda, kan ɗan ya fito, ƙafafu sun maƙale a baya. Na san abin yi, na ga ka yi ya fi sau ɗari. Na kifa bokiti na zauna don in naɗe hannun riga, sai na kasa tashi. Ba ciwo ba ne, Fergal. Ina kallonta tana nishi tana kallona, na ji ko ta mutu ko ta rayu duk ɗaya ne a wajena. Haka Mattie ya shigo ya same ni. Shi ya ciro ɗan, da ransa, ya dube ni ya ce, "Nuala, yaushe rabonki da abinci mai zafi?" Sai kuka ya ƙwace mini a gaban mutumin da ko a jana'izar uwata bai ga hawayena ba.

To ga gaskiyar. Na yi ta cewa Dervla ce ke son a sayar, ina yi mata faɗa don in ji daɗin kaina. Ni ce nake so. Na gaji. Tumakin nan kakanka ya fara tara su a tudun nan, na san abin da suke a wajenka, kuma ban taɓa ƙin su ba. Amma don kai na so su, ba don su ba. Ƙarfin da ya rage mini ba zai ishe ku ku duka ba, da kai da su. In ka dawo akwai mai ɗaga ka, mai yi maka wanka, mai zama ta jira kalma ta fito daga bakinka. Ina so in zama ni ce, kuma da raina.

Ban yi magana da Mattie ba, ba zan yi a bayan idonka ba. Alkawari na ɗauka, kai kaɗai za ka iya sauke mini shi. Ran Lahadi zai tsare mini rumfa, ni zan zo da kaina. Zan zauna a gefen hannunka mai lafiya. In ka yafe mini, ka ɗora shi a kan nawa. In ba ka ɗora ba, ba zan ce komai ba, zan hau bas in koma in ci gaba har inda ƙarfina ya tsaya. So nake kawai ka san abin da kake roƙo kafin ka roƙa.

Allah ya ba ka lafiya, tsohona. Sai na zo.

Taka,
Nuala